Fikof ɗin da Sammy Zai Kawo Gida

Herwagana, Gombe
Watan Mayu

Zuwa ga ɗana Sammy,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya sanyin Jos? Yaya abokan zamanka?

Kada ka yi mamakin wannan rubutu. Nawa ne, da hannuna, babu wanda ya riƙe mini biro. Ajin karatun da Zumuntar Mata suka buɗe mana a coci bayan rasuwar babanka, ban taɓa fashi ba sai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Yanzu ina karanta Zabura ni kaɗai, a hankali dai, ina kuma karanta takardar magani. Malamarmu ta ce kowa ta rubuta wa wanda take kewa. Wasu sun daɗe suna tunanin wa za su rubuta wa. Ni ban yi tunani ba.

Na zaɓi takarda ne don waya ba ta isata. Idan na kira ka, "Lafiya lau, Mama" kawai nake samu, ga ƙarar kiɗa a bayanka, sai ka ce za ka kira anjima. Maganar waya da an kashe ta tafi. Takarda kuwa zan ajiye ta in sake dubawa duk lokacin da na so. Don haka ka amsa mini a rubuce, da Hausa, da manyan baƙaƙe.

Wanda zai ba ka wasiƙar nan Bobbo ne, direba a tashar Bolari, yana zuwa Jos kowane mako. Ka san shi, shi ya riƙa kai mu asibiti da babanka. Na ba shi wake da kuka da daddawa da yaji. Ka shanya waken a rana kafin ka ajiye, na ga ƙwaro ya fara shiga.

Kana cin abinci kuwa? Duk ranar da na ji sunan Filato a rediyo sai gabana ya faɗi. Kada ka riƙa shiga unguwar da ba ka sani ba. Har yanzu dogon gashin nan yana kanka? Ba faɗa nake yi ba, masu shinge a hanya nake tsoro, ba sa son irin wannan kai.

Ɗakinka yana nan, ina share shi ranar Asabar. Jitar babanka ma tana nan a akwatinta. Hillary, wanda yake kaɗa wa mawaƙan coci yanzu, ya roƙe ni aronta, na hana.

Tun jana'izar babanka ba ka taka Gombe ba. Ban ce komai ba. Na dai rubuta ne don in ga ko hannuna zai iya rubuta shi.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Ni ce mamarka,
Elizabet Alfred


Jos
Watan Mayu

Mama,

Ina gaishe ki sosai. Saƙo ya iso, na gode. Mun ci waken nan har abokaina suna cewa a gaishe da Gombe.

Rubutunki ya ba ni mamaki. Ya fi nawa kyau, ba wasa nake yi ba. Na nuna wa kowa a gidan.

Ina lafiya, ina cin abinci, gashi yana nan. Kada ki damu da rediyo, inda muke lafiya lau ne.

Akwai labari. Na daɗe ina neman wata fikof, yanzu na samu, na yi oda daga Legas. Hambaka ce, ta hebi metal, tana da ƙarfi ba kaɗan ba. Da zarar ta iso zan taho Gombe da ita, don abin da zan yi aikin da shi yana gida. Sauran bayanin sai na zo, baki da baki ya fi.

Bobbo yana ta yi mini hon, zan tsaya nan.

Ɗanki,
Sammy


Herwagana, Gombe
Watan Yuni

Zuwa ga ɗana Sammy,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta same ni ina tankaɗen gari. Ban ko wanke hannu ba na buɗe, har yanzu akwai garin dawa a jikinta. Na karanta, na sake karantawa, na durƙusa a tsakar gida na yi godiya.

Fikof dai na sani, wa bai san fikof ba. Amma kalmomi biyu sun fi ƙarfina. Sai na ɗaura zane na hau Keke Napep zuwa Bolari wurin Ernest, abokin waldar babanka. Na same shi yana yankan rodi. Na nuna masa kalmar da yatsa, na rufe sauran da tafin hannu, don wasiƙata ce ba tasa ba. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Hebi metal? Maman Sammy, ƙarfe mai nauyi ke nan. Rodi, bututu, ƙarfen gini, irin kayanmu. Wa ke tambaya?"

Na ce, "Ɗan abokinka ne ya sayi fikof ta ɗaukarsa."

Sammy, mutumin nan da furfurarsa sai da ya taka rawa a gaban shago. Ya kira sunan babanka ya ce, "Alfred ya dawo! Ni da kullum nake lallashin 'yan Keke su ɗaukar mini rodi suna yi mini yanga. Ki ce wa yaron nan aiki yana jiransa. Gombe gini ake yi ko'ina, daga Barunde har hanyar Bauchi, kowa ƙarfe yake nema."

Daga nan na wuce tasha na tambayi Bobbo Hambaka. Ya ce ya san Hilux ya san Fijo, amma wannan bai taɓa ji ba. Wani direba da ke kwance a benci ya ɗago kai ya ce ta China ce, sabuwar fitowa, ya gan ta a Kano, ba ta shan mai. Bobbo ya ce masa, "Kai dai babu abin da ba ka taɓa gani a Kano ba." Aka yi ta dariya. Ni dai na ji daɗin cewa ba ta shan mai.

Ka ce abin da za ka yi aikin da shi yana gida. Na gane. Na fito da akwatin kayan aikin babanka daga ƙarƙashin gado, da sarƙarsa, da igiyoyin da yake ɗaure ƙarfe da su. Na goge tsatsa da kananzir. Suna nan a jere a ɗakinka.

Ban taɓa hana ka kiɗa ba, ka sani. Babanka ma ya yi walda ranar aiki ya kaɗa jita ranar Lahadi, babu wanda ya cuci wani. Amma kiɗan naka ya kai ka nesa. Ƙarfe kuwa a nan yake. Mai ɗaukar ƙarfe a Gombe, a Gombe zai kwana.

Yanzu ga abin da ke damuna. Yaushe ka koyi tuƙi? Kana da lasisi? Kada ka taho kai kaɗai a karon farko, ka nemi wanda ya san hanya, ramukan wajen Alkaleri ba na sabon hannu ba ne. Kada ka yi gudu. Idan hadari ya taso ka tsaya a gefen hanya har ya wuce. Wace kala ce? Ina so in gane ta tun daga kwanar layi.

Ni ma ina da wani shiri, amma tunda ka ce sai ka zo, ni ma sai ka zo.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mamarka,
Elizabet Alfred


Herwagana, Gombe
Watan Yuli

Ɗana Sammy,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu. Lafiya kuwa? Bobbo ya je Jos ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa babu komai. Na kira wayarka tana ta ringi ba ka ɗauka. Na matsa wa Bobbo, sai ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu, ka karanta a tsaye a tasha, fuskarka ta canza, ka juya ka tafi ko sallama babu. Me na rubuta da ya ɓata maka rai? Idan maganar tuƙi ce, ka yi haƙuri, tsoro ne kawai.

Tunda ka yi shiru, bari in faɗa maka shirin nawa, ko zai sa ka yi sauri.

Ka san ƙofar gidanmu, mutum biyu ba sa shiga tare. Na ce motar ɗana ba za ta kwana a titi ba. Ernest ya zo da igiyar awo, ya kawo magini, aka fasa bangon gaba daga ƙofa har wajen famfo. Zogalen nan guda biyu sai da aka sare su. Akurkin kaji ya koma bayan kicin, kajin har yau ba su yarda ba, da yamma sai su taru inda yake a da su tsaya suna kallona. Kafin sabon get na ƙarfe ya iso mun sha wahala, ruwan sama ya shigo da yashi har bakin ɗakina, awakin maƙwabta suka cinye mini alayyafo. Amma yanzu an kafa shi. Ganye biyu ne, shuɗi. Ernest da hannunsa ya yi, ya ce tun da abokinsa ya rasu bai yi aikin da ya ji daɗinsa kamar wannan ba. Ya ce ko Hambakar ta fi Hilux faɗi za ta shiga.

Ranar Alhamis a taron Zumunta na tashi na ba da shaida. Na ce ɗana yana dawowa gida da motar aikinsa, wadda wani direba ya ce ba ta shan mai. Mata suka yi guɗa, aka buga tulu aka yi waƙa. Ranar Lahadi dattijon nan da ka sani, wanda ba ya amsa gaisuwata sosai tun jana'iza, ya tsaya ya ce mini, "Mun ji labari, Allah ya shirya mana yara." Ban amsa masa da yawa ba, amma na taka zuwa gida kamar ba ni da ciwon gwiwa.

Yanzu ko wace mota ta rage gudu a layinmu sai in fito. Jiya mai sayar da ruwan leda ne.

Sammy, ka faɗa mini gaskiya. An cuce ka ne a Legas? Ko an kama motar a hanya? Ko ka buge wani? Duk abin da ya faru, mota ƙarfe ce. Idan ta samu matsala ka bar ta inda take ka shigo motar Bobbo. Za mu san abin da za mu faɗa wa mutane.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Mamarka da ba ta samun barci,
Elizabet


Jos
Watan Yuli

Mama,

Ina gaishe ki. Don Allah ki zauna kafin ki ci gaba.

Babu mota, Mama. Ba a taɓa yin mota ba. Ban ma iya tuƙi ba.

Fikof ɗin da nake nufi wani ɗan ƙaramin abu ne na jita, bai kai gwangwanin kifi girma ba. Sunansu ne kawai ya zo ɗaya da motar. Idan kika buɗe akwatin jitar Baba za ki ga wasu abubuwa biyu dogaye a kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Su ne. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Su ne kunnen jita: idan tsirkiya ta motsa, su suke ji su aika wa sifika. Na Baba sirara ne, naɗi ɗaya, muryarsu siririya mai daɗi, daidai waƙar coci. Amma mu muna ƙure ƙarfin na'ura ne, kuma da an ƙure sai su fara wani ƙugi, zuuu, har da tsuwa. Hambaka naɗi biyu ce gefe da gefe, ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya, muryarta kuma kauri gare ta. Hebi metal kuwa sunan kiɗan da muke yi ne. Baba Ernest bai yi ƙarya ba, ma'anar kalmar ke nan, amma babu rodi a ciki.

Abin da na ce yana gida, jitar Baba ce. Tawa ta araha ce, wuyanta ya lanƙwashe, ga shi mun samu damar ɗaukar waƙoƙinmu a situdiyo. Ta Baba tsohon katako ce mai nauyi, a kanta na koya, hannuna ya san ta. So nake in cire nasa in sa sababbi. Kuma hambaka ta fi ramin faɗi, sai an sassaƙe katakon, abin da aka sassaƙe kuma ba ya komawa. Na san idan na rubuta haka za ki ce a'a, shi ya sa na ɓoye sunan jita na ce sai na zo.

Tunda na fara, bari in gama. Ba zama na yi niyyar yi ba. Kwana zan yi in ɗauki jita in juyo.

Da na karanta wasiƙarki a tasha na ga yadda kika yi murna, sai na kasa. Kullum ina cewa gobe zan kira. Da na san bango za ki fasa da na kira a ranar. Zogalen nan, Mama.

Kin san abin da ya kore ni. A sujadar jana'izar Baba na ɗauki jitarsa ina yi masa bankwana yadda na iya, dattijon nan ya taso ya zare waya daga bango a gaban kowa, ya ce ba a kiɗan aljanu a gidan Allah. Ba iskanci nake yi ba, kuka nake yi. Na yi ta ƙarfafa zuciyata in zo duk da haka. Amma yanzu ta yaya? In sauko daga Keke a gaban shuɗin get da ɗan kwali a aljihu, Baba Ernest yana leƙa bayana yana neman mota, matan Zumunta suna guɗa? Ba zan iya ba. Na sa kin ji kunya a gaban mutane, ba ni da fuskar da zan kawo.

Ki bar maganar jitar, zan nemi aro. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Sammy


Herwagana, Gombe
Watan Agusta

Zuwa ga ɗana Sammy,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata ruwan bana bai dame ku ba. Na daɗe ban amsa ba, ba fushi ba ne. Na fara wasiƙar nan na yaga ba sau ɗaya ba.

Ka ce in zauna, ban zauna ba, a tsaye na karanta a bakin get. Da na kai inda ka ce ba ka iya tuƙi ba, sai na ji wata dariya ta taso mini, kafin ta fito ta zama wani abu dabam. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ranar ban ɗora tukunya ba.

Maganar kunya, ka bar mini ita, na riga na gama da ita. Ernest na fara zuwa wurinsa. Da na gama faɗa masa sai ya ce, "Wato Hambakar a aljihu ake sa ta?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huce sai ya ce, "Ni ne babban mai laifi, ni na fassara. Alfred da yana nan da ya yi shekara yana tsokanata." Ranar Alhamis kuma na tashi a Zumunta, a wurin da na tsaya na ba da shaida, na ce na yi kuskuren karatu, fikof ɗin ɗana ta jita ce, ba ta kai tafin hannu ba. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ai gaskiyar direban nan ce, ba ta shan mai." Har malamarmu sai da ta share hawayen dariya. Shi ke nan, an wuce wurin. Ba a mutu ba.

Bayan haka na aika a kira Hillary, na ce ya zo da ƙaramar sifikarsa. Na sauko da akwatin na buɗe. Na ga abubuwan nan biyu da ka faɗa. Shekara da shekaru ina goge musu ƙura ban san suna da suna ba. Hillary ya jona waya, ya kunna. Bai taɓa ko tsirkiya ɗaya ba sai na ji shi. Zuuu.

Sammy, wannan ƙugin da kake so ka kashe, ni ban taɓa sanin aibi ba ne. Ranar Asabar da yamma ina kicin, babanka yana baranda yana shirin Lahadi, kafin waƙa shi nake fara ji. Idan ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi sai ya lafa, idan ya ɗaga hannu zai sha ruwa ko zai buɗe littafin waƙa sai ya dawo. Daga kicin ina sanin abin da hannunsa yake yi. Waƙoƙin kowa ya ji su a coci. Wannan kuwa ni kaɗai na san shi.

Hillary ya ce, "Mama, in kaɗa miki wacce?" Na ce kada ya kaɗa komai, ya je ya dawo anjima. Na zauna da ita haka a kunne. Na ɗora hannuna, ya lafa. Na ɗaga, ya dawo. Ina ta yi har aka ɗauke wuta.

Na yi wani tunani, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina, muddin jitar nan tana hannuna, wata rana dole ka zo. Idan na ba ka ita, me ya rage a gidan nan da za ka zo nema? Na kwana da wannan tunanin na tashi da shi. Amma ban so shi ba. Ba na so ka zo don katako, ka gaishe ni da ido ɗaya ɗayan yana kan akwati.

Don haka ga ta nan na ba Bobbo. Na naɗe akwatin da bargo saboda ruwa. Babanka bai saye ta don ta kwanta a ɗaki ba. Ni da na fasa bango ban tambayi kowa ba, ba ni da bakin hana ka sassaƙa katako. Abu ɗaya nake roƙo: abin da ka cire kada ka yar, ka aiko mini da shi.

Ranar jana'iza na ji abin da ka kaɗa. Ban gane shi ba, har yau ban gane ba. Amma ni na haife ka, na san lokacin da kake kuka.

Ba sai ka zo ba. Ka yi aikinka da kyau. Ka ci abinci.

Ubangiji ya sa albarka a hannunka.

Mamarka,
Elizabet Alfred


Jos
Watan Satumba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Jita ta iso lafiya. Bobbo ya ƙi sa ta a but, a cikin mota ta zo kamar fasinja, har ya yi faɗa da wani da ya jingina da ita.

Na shirya kurfin sassaƙa da dalmar liƙa waya da komai a kan tebur. Kafin in kwance sai na ce bari in jona ta sau ɗaya yadda take. Na kunna, na ɗora hannu, na ɗaga. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Abokina ya leƙo ya ce, "Gaye, wannan nois ɗin fa?" Na ce ya fita.

Hambaka biyu na saya, ɗaya na sa. Fikof ɗin Baba ta ƙasa, kusa da inda aka ɗaure tsirkiyoyi, ita na cire na faɗaɗa ramin. Aikin ya fita tsaf. Ta sama, ta wajen wuya, ban taɓa ta ba. Akwai ɗan makunni a jikin jitar. Da na tura shi ƙasa, Mama, ƙarar da take yi sai da mai gidanmu ya fito da gudu ba riga. Abin da na daɗe ina nema ke nan. Idan na tura shi sama kuma, baranda ce ranar Asabar.

Mun shiga situdiyo. Akwai waƙa ɗaya da na fara da ta saman, na ɗaga hannu na bar ƙugin shi kaɗai kafin ganguna su shigo. Mai ɗaukar sauti ya ce zai goge shi da kwamfuta. Na ce idan ya goge ba zan kaɗa sauran ba.

Wadda na cire tana cikin ƙyallen nan da na ba Bobbo. Waƙar kuma zan tura ta wayar Hillary ya kunna miki. Ki ce ya rage ƙara idan an kai tsakiya.

Ki gaishe da Baba Ernest. Ki ce masa ina jin kunyarsa har yanzu.

Ɗanki,
Sammy


Herwagana, Gombe
Watan Satumba

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ƙyalle ya iso. Na gode.

Hillary ya zo jiya da wayarsa yana murna, ya ce waƙa ta shigo. Na ce ya mayar da ita aljihu. Ya ce, "Mama, ko farkon kawai." Na ce ko farkon.

A wasiƙata ta baya na rubuta cewa ba sai ka zo ba. Na soke wannan layin. Jitar taka ce, zuwa ko rashin zuwa ba zai canza wannan ba. Amma ba zan ji waƙar nan a waya ba. Ka kawo ta baranda ka kunna da hannunka, sama da ƙasa duka, kuma kada ka rage ƙara a tsakiya. Idan maƙwabta sun fito, ni zan yi magana da su. Ko kwana ɗaya ne, na karɓa.

Ka zo gida, Sammy.

Bobbo zai taso daga Jos ranar Juma'a. Ban ce masa komai ba. Kai za ka faɗa masa.

Ubangiji ya riƙe ka.

Mamarka,
Elizabet